Shayin Kirsimeti a Gwangwanin Dabino

Shekarar da muka koma Tarauni, ni da maigidana mun kama haya a wani gidan bene, mu a ƙasa, wata malamar firamare a sama. Ni na nace a kan gidan saboda kusa yake da asibitin koyarwa, inda nake aikin jinya a ɓangaren yara. Malamar mutuniyar Filato ce, Kirista. Mijinta ya rasu tun kafin mu zo, 'yarta ɗaya tilo kuma tana aikin jinya a ƙasar waje. Kowa a layinmu Mama yake ce mata, har mai kantin bakin titi da ya girme ta nesa ba kusa ba. Ni ma na bi sahu. Ita kuma Sista take kirana, kamar yadda ake kiranmu a asibiti, ko da kuwa da tsintsiya ta gan ni a hannu ina share ƙofa.

Zama muka yi na daɗi. In hadari ya taso ina wurin aiki, zan dawo in tarar ta kwashe min shanya ta ninke. Lokacin da nake da cikin fari, ƙafafuna suka kumbura, bakina ya ƙi komai, ita ta riƙa sauko min da gwaten acca mai yakuwa a 'yar kula, ta tsaya a kaina sai na shanye. Da Sallah nakan hau mata da nama da waina. Da Kirsimeti ita kuma takan kai kajinta wurin mahauci ya yanka mata, don mu ci hankali kwance. Ba ta taɓa faɗa min dalili ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

A Disambar shekararmu ta uku a gidan, wata Laraba bayan la'asar, na dawo daga aikin safe ko takalmi ban cire ba, sai na ji muryarta daga saman bene.

"Sista, kin dawo? Hau ki ga abin da ƙanwarki ta aiko."

'Yarta take nufi. Wani ɗan cocinsu ne ya zo hutu daga can ya taho mata da saƙo. Ta baje komai a kan tebur: rigar sanyi, man shafawa na ciwon gwiwa, hotuna, sai wani ɗan kwali ja da fari. A jikin kwalin an zana bishiya mai fitilu, ƙanƙara ta rufe ƙasa, ga wata alawa mai ratsin ja da fari, kanta a lanƙwashe kamar sandar dogarawa.

"Wannan alawar," in ji Mama tana nuna min da yatsa, "a can rataye ta suke yi a bishiyar Kirsimeti, yara su tsinka su sha. Shi ne aka yi shayi mai ɗanɗanonta. Ta ce a wannan watan kaɗai ake sayar da shi, in ya wuce sai baɗi. Tun jiya nake so in buɗe, na ce a'a, sai Sista ta dawo."

Ta jona buta, ta ɗauko kofunan tangaran guda biyu da ba ta fito da su sai an yi baƙi. Ni kuwa a gidan shayi na tashi. Mahaifina ba ya kiran abu shayi sai ya ji citta da kanumfari sun kama harshe, madara ta yi kauri. Don haka da na ga ta zuba ruwan zafi a kan 'yar jakar ganyen shayin ta tsaya tana jira, sai na ce, "Mama, ina madarar?"

"Ta ce kada a sa komai. Ko sukari."

Ruwan bai yi baƙi ba, wani ja-ja ya yi mai haske, kamar zumar da aka tsinka. Ƙamshin ne ya fara zuwa. Na'a-na'a na fara ji, sai daga bayanta wani ƙamshi irin na kek ɗin biki da aka fito da shi da zafinsa. Na kurɓa. A harshe zafi ne, amma da na haɗiye sai maƙogwarona ya yi sanyi, na ja numfashi ta hanci na ji kamar an buɗe taga a cikin kaina. Ga zaƙi, alhali da idona na ga ba a sa sukari ba, wani zaƙi da ke tsayawa can bayan harshe bai tafi ba. A kurɓa ta uku na fara jin ɓawon lemo da 'yar kirfa.

"Mama, wannan shayi ne, ko minti aka narkar mana?"

Ta yi dariya har tana share ido da gefen zani. Muka sha muna ta gardamar ko zai yi daɗi da burodi. Can sai ta shiga juya kofin a tafin hannu.

"Kirsimeti na huɗu ke nan ba ta zo ba," ta ce. "Ta ce in na sha da yamma, ita ma tana sha a can kafin ta fita aiki. Wai kamar muna tare."

Da zan sauka ta zazzage 'yan jakunkunan a kan tebur ta kasa su biyu daidai, kamar mai rabon goro. Nata ta zuba a kwalba, nawa ta mayar cikin kwalin ta miƙo min. Na ce ya yi yawa, ai ita aka aiko wa. Ta ce, "Ɗauki da kwalin, ya fi kyau a kicin ɗinki."

Kwalin bai kwana biyu a kicin ɗina ba. Sati biyu kafin nan yayata ta dawo daga Umra ta kawo min tsaraba, ciki har da dabino a wani gwangwani mai rubutun Larabci da hoton bishiyar dabino. Mun cinye dabinon, gwangwanin na nan. Na wanke shi na shanya, na juye shayin a ciki. Kowace jaka tana da zare, a ƙarshen zaren akwai 'yar takarda mai hoton alawar nan. Na ɗauko almakashi na yanke su ɗaya bayan ɗaya. Kwalin kuma na ninke na tura bayan tukwane. Na gaya wa kaina saboda kiyashi ne. Amma kiyashi ba ruwansu da 'yar takardar da ke jikin zare, kuma tun ina yankan na san wa nake tsoro.

Gwaggo nake tsoro. Yayar mahaifin maigidana ce, ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsa, don haka ita ce uwar mijina. A Gyadi-Gyadi take zaune. Ba muguwa ba ce, mace ce mai sadaka da zumunci, sai dai abin da ke ranta shi ke bakinta. Ranar da ta fara zuwa ganin gidan ta ji waƙar coci tana saukowa daga rediyon Mama, ta dubi maigidana ta ce, "Duk faɗin Kano ba ku samu gida ba sai nan?" Ni kuma Likita take ce min, da wata irin murya da ba ka raba ta da zolaya. Tuwona ya yi ruwa, miyata ta boko ce, yaro yana hannun mai raino uwarsa tana can tana rainon 'ya'yan wasu. Shekara uku ina neman kalmar yabo ɗaya daga bakinta ban samu ba.

Litinin ɗin bayan Kirsimeti tana da ganin likita a kan gwiwoyinta. Ta zo asibiti da wata aminiyarta, wata Hajiya da suke Islamiyya tare. Ni ina hutu ranar. Da suka gama wajen azahar suka biyo gidanmu su yi salla su huta. Gwaggo mura take yi, muryarta ta dishe, tana magana tana jan hanci. Bayan sun ci abinci na ce bari in dafa musu abin da zai buɗe mata maƙogwaro. Na kawo buta da kofuna a tire, na haɗo da gwangwanin.

Gwaggo ta shinshina kofin tana yamutsa fuska, ta kurɓa kaɗan. Ta tsaya. Ta sake kurɓa, ta lumshe ido, ta ja dogon numfashi ta hancin da tun safe yake a toshe.

"Ikon Allah. Ke Likita, wannan fa? Ina kika samo shi?"

Kafin in buɗe baki Hajiya ta ɗaga gwangwanin tana juya shi. "Ai ga shi nan, rubutun Larabci. Tsarabar yayarki ce ko?"

Na sha zama in auna wannan lokacin. Da na ce, "A'a, gwangwanin ne kawai, shayin Mama ce ta ba ni," da iyakarta Gwaggo ta ajiye kofin ta taɓe baki. Da na yi shiru ma, da laifin da sauƙi. Amma na ce e. Ban tsaya nan ba.

"Daga Madina," na ce. "A wani kanti kusa da Harami ta saya."

Har yau ban san daga ina kantin nan ya faɗo bakina ba.

"Na ce!" Gwaggo ta dafa cinyar Hajiya. "Tun da na ji ƙamshin na san ba na nan ba ne. Kin ji yadda ya sauka? Abin garin Manzo daban yake." Ta miƙo kofi na ƙara mata. Ta dube ni, karo na farko ba tare da neman abin gyara ba, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Kin kyauta da kika ajiye min."

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Wani sanyi ya ratsa ni har na manta da abin da na faɗa. Ina cikin wannan daɗin aka yi sallama a ƙofa.

Mama ce. Ta ga shigowar baƙi daga sama, ta sauko ta gaishe su kamar yadda ta saba, da farantin cincin a hannu. Ta rusuna ta gai da Gwaggo da jiki, ta gai da Hajiya. A da Gwaggo daga "lafiya lau" ba ta ƙara komai. Ranar kuwa ranta fari ne.

"Malama, zauna mana. Likita, zuba mata ta ji shayin Madina. Irin wannan ba a samunsa a kasuwa, sai wanda Allah ya kai can."

Falon gaba ɗaya ƙamshin na'a-na'a da kek yake yi. Na tabbata tun daga matakala ta gane shi. Ta zauna a bakin kujera. Na ga idonta ya sauka a kan gwangwanin, daga nan ya koma kan zaren da ke reto a bakin kofin Hajiya, guntu, ba takarda. Ni dai ba ta dube ni ba. Na zuba mata, har ruwan ya ɗiga a tire. Ta karɓa da hannu biyu, ta hura, ta kurɓa a hankali kamar yau ta fara ganinsa.

"Yaya kika ji?" in ji Gwaggo.

"Da daɗi, Hajiya. Allah ya saka wa wadda ta aiko shi da alheri."

"Amin, amin."

Ta zauna ta shanye kofin tas. Ta tambayi Gwaggo abin da likita ya ce game da gwiwa, ta ba ta shawarar ruwan ɗumi da safe. Sannan ta yi godiya ta tashi. Ina tsaye da buta a hannu ina jin takunta a matakala, ɗaya bayan ɗaya, har ta rufe ƙofarta. Da baƙin za su tafi Gwaggo ta sa na juye mata sauran shayin a leda, ta bar min jaka biyu. Ta ce matan makarantarsu duk mura suke yi, su ma su sami albarka.

Kwana huɗu ina wasan ɓuya a gidan da nake biyan haya. In zan fita sai na saurara na ji ba motsi a matakala. Shanya na koma yi a bayan kicin inda ba ta gani. Sau ɗaya muka yi kiciɓis a bakin get, ta ce, "Sista, sannu da aiki," kamar kullum, na amsa ina lalube a jaka kamar na yar da makulli.

Ranar sabuwar shekara da hantsi ta ƙwanƙwasa. Kowace shekara a wannan ranar da tiren shinkafa da kaza take sauko mana. Na buɗe na gan ta hannu wayam.

"Sista, na dafa shinkafa. In kawo, ko in bari? Ba na so in ja miki magana."

Ba da gatse ta faɗa ba. Da gatse ne da na fi samun sauƙi. Tambaya take yi tsakani da Allah. Ni kuma maimakon in durƙusa a wurin in ba ta haƙuri, sai na ƙirƙiro dariya na ce, "Haba Mama, wace irin magana? Kawo mana." Ta hau ta kawo. Na zuba wa maigidana, ni ko loma ban iya kaiwa baki ba. Ya tambaye ni ko lafiya, na kwashe komai na gaya masa. Ya ajiye cokali ya daɗe yana kallona.

"Matar nan da ta yi jinyarki?" Abin da ya fara cewa ke nan. Daga baya ya ce, "Gwaggo dai sai ta ji. Gara ta ji daga bakinki."

Na ce to. Amma sai da na ƙara kusan sati biyu ina cewa gobe. Da an bar ni, ina jin da har yau goben ba ta zo ba. Yayata ce ta kira ni wata Juma'a ina shirin tashi daga aiki. Sun haɗu da Gwaggo a wunin biki a Babban Giji, Gwaggo ta ja ta gefe tana tambayar sunan kantin, don tana da niyyar Umra da azumi, tana so ta sayo da yawa.

"Na ce mata sai na duba," in ji Yaya. "Wane shayi na kawo miki ni ban sani ba?"

Na tsaya a barandar ɓangarenmu na gaya mata. Da farko dariya ta yi, sai dariyar ta yanke.

"Kin sa ni a ƙaryarki, kin sa garin Manzo. Ke ko kunya? Ni fa ba zan rufa miki ba. In ta sake tambayata gaskiya zan faɗa."

Washegari Asabar na hau bene. Mama tana zaune a tebur da tabarau tana duba littattafan 'yan ajinta. Ta ce in shigo. Ban zauna a kujera ba, a ƙasa na zauna kusa da ƙafarta. Duk maganar da na shirya ta gudu. Na ce, "Mama, na yi miki laifi. Ki yafe min." Sai kuka.

Ta bar ni na yi mai isata. Ta cire tabarau ta ajiye a kan littattafan.

"Sista, na fi shekara talatin a Kano. Na san gidajen da in na kai abinci ake karɓa da fara'a, in na juya baya a zuba wa kaji. Na taɓa ganin shinkafata a bola da idona. Ban riƙe kowa ba. Mutum bai yarda da abincinka ba, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma ka san inda ya tsaya. Amma ke kin sha, kin yi dariya, kin ba baƙinki har kofi bibbiyu. Ashe shayin ba shi da laifi. Ni ce kika ga ban dace a ambata ba."

Na share hawaye. Can na ce, "Me ya sa ba ki tona ni ba?"

"A gaban surukarki? Ni ma na yi zaman gidan miji." Ta gyara littattafan da ke gabanta. "Washegari ƙanwarki ta kira tana tambaya ko Sista ta ji daɗin shayin. Na ce mata kin ji. Ban san abin da zan ƙara ba."

Wannan ya fi komai yi min ciwo. Na ce mata gobe zan je Gyadi-Gyadi in faɗi gaskiya. Ta ce ba sai na je saboda ita ba, ita ta yafe. Na ce ba saboda ita kaɗai ba ne, kuma ban ɓoye mata cewa Yaya ce ta matsa min ba. Ta gyaɗa kai kawai, ta mayar da tabarau.

Lahadi da hantsi na zaro kwalin daga bayan tukwane, na miƙar da shi, na sa a jaka na hau adaidaita. Na sami Gwaggo a tsakar gida a kan tabarma, ta miƙe ƙafa tana tsinkar zogale a faranti. Ta amsa gaisuwata da sakin fuska, har tana cewa a kawo min fura. Na fito da kwalin na ajiye a gabanta.

"Wannan kuma mene ne?"

"Kwalin shayin nan ne, Gwaggo. Ba daga Madina yake ba. Yaya ba ta san da shi ba. 'Yar Mama ce ta aiko mata na Kirsimeti, ita kuma ta raba da ni. Ni na juye a gwangwani."

Hannunta ya tsaya a cikin zogalen. Ta ɗauki kwalin ta kai shi kusa da ido, ta daɗe a kan bishiyar nan mai fitilu. Gwaggo ba ta karatun boko. Ta miƙo min.

"Karanta min abin da ke ciki."

Na karanta ina fassara mata: ganyen na'a-na'a, ɓawon lemo, kirfa, da wasu ganyaye masu zaƙi.

"Babu giya? Babu wani abu na alade?"

"Babu. Ganye ne kawai."

Ta sauke ajiyar zuciya. Na zaci an wuce wurin, ashe yanzu aka fara.

"Da kin ce min na Malama ne, wataƙila in sha, wataƙila in ƙi. Wannan ni ya shafa. Amma kika zaɓa min, kamar wata yarinya da ake ɓoye wa magani a cikin koko. Kin san mata nawa na ba a makaranta? Shida. Ɗaya daga cikinsu ba ta sha ba, ta adana wa 'yarta mai tsohon ciki, wai in naƙuda ta zo a dafa mata don tabarraki. Yanzu ni da furfurata zan bi su ɗaya bayan ɗaya in ce abin da na gaya musu ba haka ba ne."

Kaina yana ƙasa. Matan gidan da ke wanke-wanke a bakin famfo duk sun dakata suna saurare.

"Kuma matar nan," ta ci gaba, "ta shigo da mutuncinta, ina mata gori da kayanta, tana amsa min da ladabi. Ke kina tsaye kina kallo. Wallahi tun da nake ban taɓa jin kunyar mutum irin ta yau ba. Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi. Har na kai zaure na ji ta ce a kira ni. Ta dafa bango ta shiga ɗaki, ta fito da kwalbar turaren wuta, irin wanda take haɗawa da kanta ba ta ba kowa sai amare na jikinta.

"Ki kai mata. Ki ce ni na haɗa da hannuna. Ki ce na ce ta yi haƙuri, ban sani ba."

Da na kai, Mama ta buɗe kwalbar ta shinshina, ta rufe da sauri kada ƙamshin ya fita.

"Me ta ce miki?"

"Kora ta ta yi."

"Ya yi daidai," ta ce. Sannan ta dafe goshi. "Ɗauko na'urarki ki auna min jini, tun safe kaina ke sarawa."

Na sauka na ɗauko. Jinin ya ɗan hau. Na ce ta rage gishiri, ta ce miya ba gishiri ai ba miya ba ce, muka ɗan yi gardama a kan wannan, ni ina naɗe robar awon, ita tana neman inda za ta ajiye turaren.

Gwaggo ta bi matan nan shida kamar yadda ta ce, har gidan mai tsohon cikin ta je da ciwon gwiwarta. Ni kuwa ta yi watanni ba ta sake min fuska ba. Duk abin da na ajiye a gabanta, ko ruwan sanyi ne, sai ta dube ni a gaban mutane ta ce, "Wannan daga ina?" Ra'ayinta game da gidan bai sauya ba, kuma har ta rasu ban ga ta ci abincin Mama ba. Amma in ta zo, kafin ta zauna sai ta ce in hau in gaya wa Malama tana gaishe ta.

Mun ƙara shekara huɗu tare da Mama kafin ta yi ritaya ta koma gida Filato. Ta ci gaba da kwashe min shanya, na ci gaba da auna mata jini, har yanzu muna waya. Ba mu taɓa komawa kan maganar ba. Sai dai tun daga wancan lokacin, in za ta ba ni abu, ko lemo ne guda biyu, sai ta fara tsayawa a ƙofa ta tambaya ko ta kawo. Na sha roƙonta ta daina. Takan ce to, amma ba ta daina ba har ta bar Kano.